Digiri na Biyu a GIS: Hanyar Daga Neman Gurbi Zuwa Ranar Kare Kundi

Aikin farko da na yi da hannuna a fannin GIS, wato sarrafa bayanan wurare da zana taswirarsu a kwamfuta, shi ne ɗora rijiyoyin burtsatse na wasu unguwannin Kano a kan taswira. Na kwana biyu ina shigar da lambobi. Da na danna, allon kwamfuta ya nuna mini Kano fayau, ko ɗigo ɗaya babu. Sai da na ja taswirar baya na hango rijiyoyina gaba ɗaya sun taru can wajen Ganye, a kudancin Adamawa. Dalili kuwa ɗan ƙarami ne. Kano tana kusan digiri 12 arewa da digiri 8 da rabi gabas, ni kuma na sa lambar arewa a gurbin ta gabas. Manhajar ba ta ce mini uffan ba, abin da na ba ta shi ta zana.

Na kawo wannan ne don mai niyyar karatun ya san tun farko abin da zai saya da kuɗinsa da shekarunsa. Danna maɓallan manhaja abu ne da yaro mai kaifin kai zai koya a wata uku a YouTube. Abin da digiri na biyu ya kamata ya ba ka shi ne idon da zai gane taswira tana ƙarya, da sanin dalilin ƙaryar, da yadda ake gyara ta. Wani malami, Michael Goodchild, shi ya fito da wannan bambanci fili a 1992, ya ce akwai na'ura da manhajar sarrafa bayanan ƙasa, akwai kuma kimiyyar da ke ƙarƙashinsu. Ita na'urar ta riga ta tsufa a lokacin, domin Roger Tomlinson ya gina ta farko wa gwamnatin Kanada tun shekarun 1960. Duk shawarar da zan bayar a nan ta ginu ne a kan wannan bambanci.

Mataki na farko: zaɓi matsala kafin ka zaɓi makaranta

Yawancin masu zuwa neman shawara da sunan jami'a suke farawa. Ni kuwa tambayata gare su ita ce, me kake so ka auna? GIS ba ya tsayawa shi kaɗai, kullum a bayan wani fanni yake. Mai aikin lafiya yana so ya san ƙauyukan da suka fi nisa da asibiti. Mai aikin filaye yana so kada a ba mutum biyu fuloti ɗaya. Mai aikin ruwa yana so ya san inda ambaliya za ta bi idan madatsa ta cika, kamar yadda madatsar Alau ta yi wa Maiduguri a watan Satumba na 2024. Kowannensu darussan da yake buƙata daban ne, malamin da zai duba shi ma daban.

A ƙasar nan ƙofofin aiki sanannu ne. Akwai hukumomin filaye irin su AGIS a Abuja, da KADGIS a Kaduna, da KANGIS a Kano. Akwai hukumar sararin samaniya ta NASRDA, wadda ta harba tauraron NigeriaSat-1 a 2003. Akwai ƙungiyoyin lafiya da na agaji, kuma a nan ne fannin ya fi nuna kansa a Arewa: lokacin yaƙi da shan inna an zana taswirar ƙauyuka da rugage daga hotunan tauraron ɗan'adam, an kuma ba masu rigakafi wayoyi masu nuna inda suka taka, domin taswirar hannu da ake dogaro da ita tana tsallake garuruwa sukutum. A watan Agusta na 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. Sai kuma kamfanonin sadarwa da na mai da na wutar lantarki. Ka duba cikin waɗannan wanne zuciyarka ta kwanta da shi, ka rubuta tambaya ɗaya a takarda, ko da za ta canja daga baya.

Gargaɗi ɗaya kafin mu wuce: digirin GIS ba ya mayar da kai safiyo. Sa hannu a takardar awon fili aikin wanda ya yi rajista da majalisar safiyo ta ƙasa, SURCON, ne, kuma hanyarta daban ce. Idan burinka ke nan, nemi sashen safiyo, kada ka ɓata shekara biyu a sashen labarin ƙasa.

Mataki na biyu: duba takardunka da idon mai tantancewa

Ba dole sai ka karanta labarin ƙasa ba. Ana karɓar masu digirin safiyo, tsara birane, ilimin duwatsu, aikin gona, kwamfuta, lissafi, injiniya, har da lafiyar al'umma. A gaskiya wanda ya fito daga kwamfuta ko lissafi ya fi saurin miƙewa a zangon farko, shi kuma ɗan labarin ƙasa ya fi shi fahimtar abin da taswirar ke nufi.

A jami'o'in Najeriya, abin da aka saba nema shi ne digiri mai daraja ta biyu, ko da ta ƙasa ce, da takardar kammala hidimar ƙasa ko ta yafewa, da sakamakon sakandare mai kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Mai daraja ta uku ko mai babbar difloma ta HND yakan fara da diflomar PGD ta shekara ɗaya. Kada ka ɗauki wannan a matsayin wulaƙanci. Ga wanda bai taɓa buɗe manhajar taswira ba, shekarar nan ta fi masa amfani fiye da faɗawa mastas kai tsaye. A Nijar kuwa tsarin shi ne lisans na shekara uku, sannan mastas na shekara biyu.

Abin da ya fi cinye wa mutane lokaci shi ne tiranskirif, wato cikakken sakamakon darussa daga tsohuwar makarantarka. Ka nema tun wata shida kafin ka buƙace shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na san wanda gurbinsa na waje ya wuce shi saboda fayil ɗinsa ya kwanta a kan teburin wani ofis har lokaci ya ƙure.

Mataki na uku: koyi aikin kafin a koya maka

Wannan matakin shi mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ya fi kowane sauya sakamako. Ka ware wata huɗu zuwa shida kafin ka cike fom.

Fara da manhajar taswira ta QGIS. Kyauta ce, tana aiki a kusan kowace kwamfuta, kuma babu abin da ɗalibin mastas zai buƙata a shekarar farko da ba za ta iya ba. ArcGIS Pro ta kamfanin Esri ita ce ofisoshi da yawa ke amfani da ita, amma ta kuɗi ce kuma sai a Windows take tashi. Ka bari sai makaranta ta ba ka lasisin ɗalibai. Kada ka sa ta sata. Ranar da za ta tsaya maka ita ce ranar da ka fi buƙatarta.

Ka fahimci iri biyu na bayanai. Akwai bekta, wato ɗigo da layi da zagayayyen fili: rijiya ɗigo ce, titi layi ne, gona fili ce. Akwai rasta, wato hoto da aka yanka ƙananan gidaje kamar gurbin dara, kowane gida da lambarsa. A hoton tauraron Landsat kowane gida mita 30 ne a ƙasa, a na tauraron Sentinel-2 mita 10. Ma'ana, bukkar makiyayi ba za ta fito a Landsat ba, komai ƙura idonka.

Daga nan sai ka zauna da batun tsarin lambobin wuri, ka daɗe a kai, domin nan ne ake faɗuwa. Duniya dunƙulalliya ce, takarda shimfiɗaɗɗiya, kuma ba a shimfiɗa ɓawon lemo ba tare da ya yage ko ya miƙe ba. Saboda haka aka yanka duniya shiyya sittin a tsarin UTM, kowace faɗin digiri shida. Najeriya ta faɗa cikin uku: Sakkwato tana ta 31, Kano ta 32, Maiduguri ta 33. Ka auna gonar Maiduguri da shiyyar Sakkwato, girmanta ya canja. Sannan tsofaffin taswirorin safiyo na ƙasar nan an yi su ne a kan tushen awo na Minna, wayarka kuma tana amfani da wani tushen daban, WGS84. Ka ɗora ɗaya kan ɗaya ba tare da juyawa ba, iyakar fuloti ta goce da gomomin mitoci, gidan wani ya hau kan titi. Idan kuma ka ga ɗigoginka sun taru a teku kudu da Gana, to gurbin lambobin babu komai ne, manhajar ta ɗauke su sifili da sifili.

Sai lissafi da rubuta umarnin kwamfuta. Na san da yawa sun gudo labarin ƙasa ne don tsoron lissafi, amma babu makawa: ƙididdiga ta asali, da yaren kwamfuta na Python ko R, da ɗan yaren SQL don ajiye bayanai a rumbun PostGIS. Ba sai ka zama gwani ba. Ya isa ka iya rubuta layi ashirin da za su maimaita aiki ɗaya a kan ƙananan hukumomi 774, maimakon ka danna sau 774.

Bayanan gwaji suna nan kyauta. Hotunan Landsat sun faro tun 1972, kuma tun 2008 aka daina sayar da su. Akwai OpenStreetMap, da bayanan garuruwa da asibitoci na GRID3, da ƙiyasin yawan jama'a na WorldPop, da ruwan sama na CHIRPS tun daga 1981, da tudu da kwari na SRTM. Google Earth Engine kuma yana yin nauyin aikin a can wajensu, ya turo maka sakamako kawai, wanda babban sauƙi ne ga mai ƙaramar kwamfuta da tsadar data.

Ka fito daga wannan mataki da ayyuka uku da ka yi da kanka, kowanne da taswira da bayanin shafi ɗaya. Misali, nisan kowace unguwa a garinku da asibiti mafi kusa. Su ne za ka nuna wa malami, su ne kuma za ka nuna wa mai ɗaukar aiki bayan shekara biyu.

Kwamfuta: ma'adanar aiki, wato RAM, ta gigabait 16 idan da hali, 8 a ƙalla, da faifan SSD, da batir mai riƙe caji. Batirin ya fi kyan allo muhimmanci, kai ma ka san dalili.

Mataki na huɗu: zaɓen makaranta

Da farko ka raba shirye-shiryen gida biyu. Akwai na ƙwarewar aiki, wanda darussa suka fi yawa a cikinsa, a ƙare da ɗan aiki. Akwai na bincike, mai cikakken kundi. Mai son koyarwa a jami'a ko digirin digirgir ya ɗauki na bincike, domin jami'o'i da dama ba sa karɓar na ƙwarewar aiki a matsayin tsani. Ka tambayi wannan a rubuce kafin ka biya ko sisi.

A gida, cibiyar da ta fi daɗewa a fannin ita ce AFRIGIST da ke cikin harabar Jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife, wadda aka kafa a 1972 da sunan RECTAS. Ta ƙasashe ce, Nijar da Kamaru da Gana duk suna ciki, kuma ana koyarwa da Turanci da Faransanci, saboda haka ɗan Maraɗi ko Damagaram ba zai ji baƙunta ba. Jami'ar Ibadan tana da mastas na GIS a sashen labarin ƙasa, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma ana yi, haka Jami'ar Fasaha ta Akure. Makarantar Safiyo ta Tarayya da ke Oyo kuma wurin aikin hannu ce. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 bayan babban farin Sahel, ga mai sha'awar yanayi da noma da ruwa.

A waje, sunan da za ka fi ji a bakin tsofaffin ma'aikatan safiyo na Afirka shi ne ITC, a garin Enschede na ƙasar Holan, wanda yanzu tsangaya ce a Jami'ar Twente. Mastas ɗinsu shekara biyu ne. Jami'ar Edinburgh a Birtaniya tana yin mastas na GIS tun 1985, shekara ɗaya cur, mai zafi. A Jamus akwai shirin HFT Stuttgart da Turanci. A Amurka yawanci shekara biyu ne. Ga ma'aikacin da ba zai iya barin aiki da iyali ba, akwai karatun nesa na Penn State da na haɗakar UNIGIS, sai dai da tsada, kuma tallafi ba ya cika zuwa wajensu.

Suna kaɗai kada ya ruɗe ka. Ga yadda nake auna shiri. Ka nemi jerin darussa: idan babu rubuta umarnin kwamfuta, babu ma'ajiyar bayanai, babu ƙididdigar wurare, to kwas ɗin danna maɓalli ne aka sa masa babbar riga. Ka duba Google Scholar ka ga ko malaman sashen sun wallafa wani abu a shekaru uku da suka wuce. Idan makarantar ta gida ce, zuwa da kai ya fi saƙo: ka je ka leƙa ɗakin kwamfuta, ka ƙirga masu tashi, ka tambayi yadda wuta take. Sannan ka samu ɗalibin da ke shekarar ƙarshe, ku zauna wajen mai shayi, ka tambaye shi shekara nawa mutane suke yi kafin su fita. A takarda wata goma sha takwas ne ko shekara biyu. Amsarsa ita ce ta gaskiya.

Mataki na biyar: kuɗi

A gida, kuɗin makaranta ba shi ne babban nauyi ba. Abin da ke karya mutane shi ne kuɗin fita fili, da data, da buga kundi sau da yawa, da zirga-zirga wajen malami. Ka ware musu kasonsu tun farko. Malamin jami'a ko kwaleji ya bi ta TETFund ta hannun makarantarsa.

Na waje kuwa, ga waɗanda suka dace da fannin. Chevening ta Birtaniya tana buƙatar shekara biyu ta aiki, kuma sharaɗi ne ka dawo gida ka yi shekara biyu bayan gamawa. Akwai tallafin Commonwealth. DAAD ta Jamus tana da shiri na musamman ga ma'aikatan ƙasashe masu tasowa, shi ma da shekara biyu ta aiki. Erasmus Mundus ta Tarayyar Turai takan kai ɗalibi jami'o'i biyu ko uku a ƙasashe daban. PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur na Najeriya, tana nan ga wanda bincikensa ya shafi mai da iskar gas. A Amurka hanya ita ce zama mataimakin malami a koyarwa ko bincike, a yafe maka kuɗin makaranta a ba ka ɗan albashi. Wannan ya fi samuwa a shirye-shiryen bincike, kuma ana rufe karɓar takardu tsakanin Disamba da Janairu ga mai shiga a Agusta.

Ka lissafa baya daga ranar rufewa: fasfo, jarrabawar IELTS ko TOEFL, tiranskirif, wasiƙun shaida. Shekara guda kafin tafiya ba ta yi yawa ba. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi zai samo maka sikolashif, ka riƙe aljihunka.

Mataki na shida: takardun neman gurbi

Wasiƙar bayyana manufa ita ce wurin da wata shidan nan da ka yi kana koyo zai biya ka. Masu tantancewa sun gaji da karanta cewa mutum yana son taswira tun yana yaro. Ka gaya musu abin da ka yi: na ɗauko hotunan Sentinel-2 na fadamar garinmu, na gwada raba gonakin rani da ciyawa, abin ya ƙi a wuri kaza, ina so in koyi dalili a darasin malami wane. Mai rubuta haka ya bambanta da ɗari.

Wasiƙun shaida biyu ko uku ake nema. Malamin da ya duba aikinka na ƙarshe a digirin farko ya fi farfesan da bai san fuskarka ba. Ka je ka gaishe shi, ka ba shi wata guda, ka haɗa masa da takardar tarihin karatunka da manufarka. Idan shirin bincike ne, ka rubuta wa malamin da kake so gajeriyar wasiƙa, ka ambaci takardarsa ɗaya da ka karanta da gaske, ka liƙa taswirarka ɗaya. In bai amsa ba, ka sake tuntuɓa sau ɗaya bayan mako biyu, sannan ka nemi wani.

Mataki na bakwai: zangon darussa

Ba zan daɗe a nan ba. Za a koyar da kai nazarin hotunan tauraro, zanen taswira, ma'ajiyar bayanai, ƙididdigar wurare da hanyoyin bincike. Ka yi kowane aikin gwaji da hannunka, ko da na rukuni ne. A kowane rukuni akan samu mutum ɗaya mai riƙe linzamin kwamfuta, sauran suna kallo. Ka zama shi. Kuma duk aikin da aka ba ku zaɓi, ka karkatar da shi wajen tambayar nan da ka rubuta a mataki na farko, ta yadda kafin zango ya ƙare ka riga ka tara rabin bayanan kundinka.

Mataki na takwas: kundi

Nan ne ake rabuwa. Akwai taken da ya cika ɗakunan karatu na sassan labarin ƙasa: sauyin amfani da ƙasa a gari kaza daga shekara kaza zuwa kaza. A ɗauko hotuna uku, a shafa musu launi, a ce gari ya faɗaɗa, daji ya ragu. To wa bai sani ba? Idan za ka yi shi, ka ƙara tambayar da wani zai yi aiki da amsarta: gidaje nawa aka gina a kan hanyar ruwa, ko burtali nawa gonaki suka cinye.

Kuma ko wannan mai sauƙin yana da tarko a ƙasarmu. Gidan laka da busasshiyar ƙasa kusan launi ɗaya suke a idon tauraro, saboda haka manhaja takan mayar da tsohon gari fili, ta mayar da fili gari. Gonar gero a watan Maris ƙasa ce tsirara, a watan Agusta kore shar. Wanda ya gwama hoton rani na wata shekara da na damina na wata zai ba da labarin kwararowar hamada da ba ta faru ba. Da damina gajimare yana rufe hoto, da hunturu ƙura tana dusashe shi. Don ambaliya, sai ka koma radar na Sentinel-1, wanda ke ratsa gajimare. Hotunan Landsat 7 kuma tun watan Mayu na 2003 suna da zane-zanen giɓi saboda wata na'ura da ta lalace a jikinsa.

Maganin duk wannan shi ne fita fili. Ka zaɓi wurare, ka je da ƙafarka, ka rubuta abin da ke wurin da manhajar waya ta KoboToolbox ko QField, ka dawo ka gwada da abin da taswirarka ta ce. Ka ware wasu wuraren don koya wa manhaja, wasu daban don jarraba ta; wanda ya jarraba da waɗanda ya koyar da su kansa ya yaudara. Idan daidaiton ya fito ƙasa da yadda ka so, ka rubuta shi yadda yake, ka bayyana dalili. Mai jarrabawa na ƙwarai ya fi yarda da adadi matsakaici mai hujja fiye da casa'in da tara da ba a san inda ya fito ba.

Kafin ka shiga gari, ka karɓi takardar gabatarwa daga sashenku, ka fara da ƙofar dagaci ko mai unguwa. Baƙo mai yawo a gonakin mutane yana ɗaga waya sama, za a ɗauka gwamnati ce za ta ƙwace fili, ko abin da ya fi haka muni. Inda babu tsaro kada ka je, ka sauya wurin bincike. Jirgi marar matuƙi kuma ba a tashinsa sai da izinin hukumar jiragen sama ta NCAA da ofishin mai ba da shawara kan tsaron ƙasa.

Akwai amana a wannan aiki. Ɗigo a taswira gidan wani ne. Idan bincikenka na masu wata cuta ne, ba a buga ainihin inda suke zaune, kuma Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023. Masu binciken lafiya na gida-gida da ake kira DHS da gangan suke gusar da wuraren, har kilomita 2 a birni da 5 a yawancin karkara. Mai amfani da bayanansu ya san da haka, kada ya auna tazarar mita ɗari biyar da su. Haka nan ka tuna ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Najeriya ta 2006 ce, duk wani adadi na bayanta ƙiyasi ne, ka faɗi wanda ka ɗauka. Sannan sakamako yana canjawa da iyakar da ka zaɓa: cutar da ta ɓace a taswirar jiha tana iya bayyana jajir a taswirar mazaɓa.

Tsakaninka da malamin da ke duba ka, kada ka je hannu rabbana. Kowane zuwa ka riƙe shafi ko taswira, ka rubuta gyaran da ya ce, ka tura masa a taƙaice bayan kun rabu don kada a manta. Ajiyar aiki kuma wuri uku: kwamfuta, faifan waje, da intanet. Fayil ɗin taswira na shef (shapefile) ba ɗaya ba ne, tarin ƙananan fayiloli ne masu suna ɗaya. Ka kwafi guda ka bar sauran, ba zai buɗe ba. Na koyi wannan ana saura kwana huɗu in gabatar da babi na huɗu. Tun daga ranar tsarin fayil na GeoPackage nake amfani da shi, komai a fayil guda.

Mataki na tara: ranar karewa

Yawanci sau uku za ka tsaya: kare shawarar bincike, karewa ta cikin gida, sannan gaban mai jarrabawa daga wata jami'a. Kafin nan za a sa kundin a manhajar gano satar rubutu, saboda haka tun farko ka rubuta da bakinka.

Kowace taswira ta kasance da ma'auni, da alamar arewa, da bayanin launuka, da tsarin lambobin da aka yi ta da shi, da asalin bayanan da shekararsu. Tsofaffin malamai nan suke fara dubawa. Ka buga ɗaya baƙi da fari ka ga ko ana rarrabe launukan, domin kwafin da zai isa hannun mai jarrabawa ba lallai ya zama mai launi ba.

Tambayoyin kusan sanannu ne. Me ya sa ka zaɓi wannan hoton ba wancan ba? Wane wata aka ɗauke shi? Wurare nawa ka taka da ƙafarka, kuma ta yaya ka zaɓe su? Wace hukuma ce za ta yi aiki da wannan sakamako? Ka tara abokai biyu su yi maka waɗannan tambayoyi kwana uku kafin ranar. Ka zo da kwamfutarka da cikakken caji, aikin a buɗe, domin wani mai jarrabawar yakan ce ka kunna ka nuna masa yadda ka fitar da taswira ta uku, a nan take, a gaban kowa. Gyaran da aka ba ka kuma ka gama shi cikin mako biyu, tun kana tuna abin da kowa ya ce, ka kai a sa hannu kafin mai jarrabawar cikin gida ya tafi hutu.